Lambar da na jira a Suwidin

Sai da na sa hannu a takardar ɗaukar aiki na gane cewa a Suwidin mai karatun digiri na uku ma'aikaci ne. Jami'a kan tallata gurbin kamar kowane aiki, a gana da kai, a ɗauke ka, a riƙa biyanka albashi duk wata. Shekara huɗu ce. Idan ka karɓi koyarwa da ta kai kashi 20 cikin ɗari na lokacinka, sai ta zama biyar. Ni na karɓa, don ina son koyar da ilimin ƙididdiga tun ban taɓa tunanin fita waje ba.

Na sauka a Uppsala da kaka. Kafin Disamba rana ta fara faɗuwa tun uku ba ta yi ba, kuma duhun ya taɓa ni fiye da sanyin. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jiran lambar shaida, wadda suke kira personnummer, hukumar haraji ce ke bayar da ita. Kafin ta fito, kana gari amma kamar ba ka nan. Harkar banki, BankID (shaidar tabbatar da kai a intanet), ganin likita, kusan komai ita ake fara tambaya.

Daga baya na ga ashe wannan lambar ce ƙashin bayan aikin da ya kawo ni. Tun 1947 ake ba mazauna ƙasar ita, kuma tun 1749 suke tattara alƙaluman jama'a ba yankewa. Da ita ake haɗa rajistar asibiti da ta makaranta da ta albashi, a bi rayuwar miliyoyin mutane shekara da shekaru. Mai bincike ba ya ganin sunan kowa. Hukumar ƙididdiga ta SCB kan musanya lambar da wata, kuma a cikin na'urarsu kake aikin, bayan kwamitin ɗa'a ya amince. Ranar da na fara buɗe bayanan na daɗe ban taɓa madannin kwamfuta ba. Kowane layi mutum ne, kuma yanzu ni ma ina cikin irin wannan rajista.

Malamata ta sha gaya mini in kira ta da sunanta. Har yau bakina ya fi sakewa da "Farfesa", ita kuma ta daina gyara mini. A hannunta na koyi cewa yawan bayanai ba ya wanke kuskuren tsari: idan wanda bai je asibiti ba bai shiga rajista ba, layi miliyan goma ba zai nuna maka shi ba. Kundina kacokan a kan wannan giɓin yake.

Makon jiya wani abokin ofishina ya kafe kundin digirinsa da ƙusa inda kowa zai gani, kamar yadda ake yi bisa al'ada makonni uku kafin a kare shi a bainar jama'a. Ni ne na riƙe masa ƙusar. Saura mini shekara biyu.