Na koya musu kiɗa, na manta ban koya musu faɗin farashi ba

Shekara shida kenan ina koyar da fiyano da karatun nota a wata 'yar makarantar kiɗa a Sabon Garin Zariya, ba wata babba bace, ɗaki uku ne da janareta ɗaya. Ɗalibanmu wasu 'yan coci ne daga Wusasa da Samaru, wasu kuma yara ne masu son shiga harkar situdiyo, waƙar biki da ta siyasa da makamantansu. Kwas ɗin shekara biyu ne.

Abun da ya sa na ƙirƙiro darasin da muke kira ajin sana'a, wani tsohon ɗalibina ne, wanda wlh har yau ban samu mai kunne irin nasa ba, sau ɗaya zai ji kiɗa ya zauna ya fitar maka da shi. Wata rana na tare Keke Napep a Kwangila zan tafi PZ, ina shiga naji ance "Malam ina wuni", na duba, shine yake tuƙi. Ba wai tuƙin abun kunya bane, sana'a ce, amma na tambaye shi ina kiɗan. Yace Malam aikin akwai, kuɗin ne babu. Ya bani labarin wani alhaji abokin babansa da ya sa shi haɗa waƙar bikin 'yarsa, kwana uku yana situdiyo, shi ya biya mai rerawa da 'yan amshi daga aljihunsa, da ya so yin maganar kuɗi alhaji yace "haba ɗana, yi kawai za mu daidaita". Bayan biki aka miƙo masa dubu biyar wai ya sha ruwa. Har muka isa PZ ban iya cewa komai ba, kuma ya ƙi karɓar kuɗin motar.

Toh sai na samu mai makarantar nace a bani awa biyu duk Asabar. Ya yarda, da sharaɗin ba ƙarin albashi (nima kaga ban iya faɗin farashin ba).

Zangon farko shirme nayi gaskiya. Na shiga intanet na kwaso bayanai irin na manyan makarantun kiɗa na Amurka kamar Berklee da ke Boston, yadda ake sa hannu da kamfanin faifai, kason manaja, yawon wasa ƙasa ƙasa, na zo ina ta zuba musu da Turanci. Sati na uku mutum huɗu ne suka zo cikin sha tara. Wata yarinya mai jita ta ce min "Malam kayi haƙuri, mu fa wanda zai ɗauke mu aiki kawun wani ne ko shugabar mata ta coci, ba kamfani ba". Maganar ta min zafi amma gaskiya ta faɗa.

Sai na watsar da takardun na koma wasan kwaikwayo. Ni ne uban amarya, in zauna in harɗe ƙafa, ɗalibi ya shigo ya gaishe ni, in ce nawa zaka min waƙa. Jama'a ku zo kuga ikon Allah, yaron da yake tsayawa gaban mutum ɗari biyar yayi kiɗa ba gezau, sai ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya yana cewa "duk abun da ka bayar Alhaji". In ce fita ka sake shigowa. Akwai wanda sai da ya shigo sau bakwai kafin bakinsa ya iya furta adadi, kuma da ya furta sai ya ƙara da "amma ana iya ragewa" tun ban nemi ragi ba. Fita ka sake shigowa. A nan na gane matsalar ba rashin ilimi bace, kunya ce, an tarbiyyantar da mu cewa yaro baya yiwa babba ciniki, ga kuma tsohon kallon da ake yiwa makaɗi na maroƙi, wanda ba'a biyansa sai dai ayi masa kyauta.

Kuma ba zaka iya faɗin farashi ba in baka san nawa aikin ya ci ba. Muka riƙa lissafi a allo: awa nawa a situdiyo, mai nawa janareta ya sha, kuɗin 'yan amshi, kuɗin mota, data, abincin rana, sannan ladan hannunka. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 lissafin janareta kaɗai ya isa ya cinye ribar mutum, amma da yawansu suna nan akan farashin da suka saba tun kafin nan. Wani da ya gama tarawa ya ga ashe duk waƙar da yayi cikin wata uku shi yake cikawa daga aljihunsa, ya ajiye biro yace innalillahi.

Darasin da yafi kowanne armashi ba ni na koyar da shi ba. Wani dattijo mai kalangu na gayyato daga cikin birni, ta wajen Ƙofar Doka, ya zo da kalangunsa a rataye duk da nace masa magana kawai zai yi. Na tambaye shi, Baba ya kuke raba kuɗi in an tashi daga wasa? Yace a gaban kowa ake juye jaka akan tabarma, a ƙirga, uban kiɗa ya san kasonsa, 'yan amshi sun san nasu, sanƙira ya san nasa, har yaron da ke ɗaukar kaya, kuma tun kafin a bar gida kowa ya sani, ba'a wajen rabo ake yanke shi ba. Sannan yace shi ko ɗan sarki ne ya kira shi biki baya ɗaura kalangu sai an aiko da kafin alƙalami. Yaran suka yi tsit. Abun da nayi sati uku ina fama da shi da Turanci, takardar rabon kaso da kuɗin somin aiki, ga shi ashe a gidanmu yake tun kaka da kakanni.

Daga nan ne na shigo da doka, kaɗan kaɗan. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, bata buƙatar sai kayi rajista kafin waƙa ta zama taka, da zarar ka rubuta ko ka naɗe ta shikenan, rajista a hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa (NCC) ƙarin hujja ce kawai. Haƙƙin waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, wato gado ne. Sannan sallama haƙƙin ga wani sai a rubuce. Shi yasa nake ce musu wanda ya biya ku waƙar biki, ku rubuta ƙarara me ya saya, damar sa ta a bikinsa ne ko waƙar ɗungurungum, kuma wa zai ɗora a YouTube. Ko a WhatsApp ne a rubuta, ya amsa da "na yarda", ka ɗauki hoton allon ka ajiye.

Maganar intanet kuwa na rage musu buri ne. Kowa yana ganin da ya ɗora waƙa a Audiomack ko Boomplay ko Spotify, wadda sai 2021 ma ta shigo Najeriya, sai daloli. Nace YouTube kafin su fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, kafin nan me zaka ci? Biki ne da coci da koyar da yaran masu hali da jingul na 'yan kasuwa. Liƙi ma ba abun dogaro bane, mun gani lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, ayi wasa a tashi jaka ba nauyi, balle ma dokar CBN ta 2007 ta hana liƙi da naira.

Inda na sake yin kuskure, ban koya musu banbance mutane ba. Wani yaro ya ɗauki darasin da zafi, ƙanwar mamansa ta nemi yayi kiɗa a sunan jikarta, ya tura mata farashi a rubuce harda rabin kuɗi kafin aiki. Mamansa da kanta ta zo makaranta da mayafinta tana tambaya wane malami ne yake raba mata zumunci. Na bata haƙuri sosai. Yanzu akwai sati guda da muke warewa akan aikin da zaka yi kyauta da saninka, ka faɗa da bakinka cewa Inna wannan gudunmawata ce, amma kuɗin mai da na yaran da zan zo dasu kaza ne.

Wancan na Keke Napep ɗin yana zuwa ajin wasu Asabar ɗin, yanzu shi ke zama a kujerar uban amarya, kuma ya fini iya mugunta, sai ya bari yaro ya gama faɗin kuɗinsa tsaf sannan ya kama hannunsa yana murmushi yace "haba ɗana, ni da babanka fa tare muka yi makarantar allo".