Abin da faskaren itace ya koya mini

Mutane da yawa suna ɗauka faskare aikin masu ƙwanji ne kawai. Na daɗe ina sarar itace ina faskarawa don ɗumama gida lokacin sanyi, wani sa'in ni kaɗai, wani sa'in da mataimaki, kuma abin da na gani shi ne ƙarfi yana can ƙarshen jerin abubuwan da aikin yake nema. Na sha ganin ƙato yana ta jibgar gungume har gumi ya jiƙa masa riga, gungumen ko gezau. Sai dattijo siriri ya zo ya juya shi, ya ƙura masa ido, ya sauke gatari sau ɗaya, ya rabe gida biyu.

Dattijon ido ya yi amfani da shi. Kowane gungume yana nuna inda zai tsage in an tsaya an duba. A fuskar da zarto ya yanka za ka ga 'yan tsage-tsage sun taso daga tsakiya sun nufi gefe. Nan ne itacen ya riga ya fara buɗewa da kansa, nan ake sa bakin gatari. Inda reshe ya fito kuwa, jijiyoyin itacen sun murɗe sun ƙulle, duk wanda ya sara ta kan ƙullin wahala kawai zai sha. Ana bi ta gefensa ne, a bar ƙullin cikin ɓangare ɗaya. Babban gungume, irin wanda hannu biyu ba sa zagayewa, ba a fara shi daga tsakiya, don gatarin zai nutse ya maƙale, ka ɓata lokaci kana girgiza ƙota. Daga baki-baki ake ɓantarsa, ana zagayawa, har ya rage cibiyar da sara ɗaya zai raba. Wanda ya yi tsaurin kai kuma, kamar mai gwafa, sai a kafa masa ƙarfen tsaga a bi da guduma, ko a tsarga shi da zarto tukuna.

Shi kansa gatarin iri biyu ne, kuma haɗa su ke sa wasu wahala. Na sara bakinsa siriri ne mai kaifi, aikinsa yanke jijiya. Na faskare kansa kauri gare shi da nauyi, sau da yawa kilo 3 zuwa 4, aikinsa buɗe jijiya, shi ya sa ba ya buƙatar kaifi irin na aska. Nauyin nan shi ke aikin. Naka ka ɗaga, ka bar hannun sama ya zame bisa ƙota ya tarar da na ƙasa, ka durƙusa kaɗan yayin da ƙarfen yake sauka. Ƙafafu a ware, domin in sara ya kuskure, gatarin ya wuce ta tsakaninsu ya shiga ƙasa maimakon ƙwauri. A ɗora itacen a kan faffaɗan kututture gajere, can gefen da ya fi nisa da kai. Ƙasa mai laushi tana shanye bugun, dutse kuma yana cinye baki. Akwai wata 'yar dabara da ta rage mini ciwon baya ƙwarai: a kafa tsohuwar tayar mota a kan kututturen, a cusa itacen a ciki. Komai saran da ka yi, guntayen suna nan tsaye, ba sai ka yi ta sunkuyawa kana tsinto su ba.

Amma darasin da ya fi kowanne girma a wajena ba a hannu yake ba, a lissafi yake. Me ya sa ma ake faskara itace? Yawanci za a ce don ya shiga murhu. Gaskiya ne, sai dai babban dalilin ruwa ne. Itacen da aka sare yanzu, kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wasu irin ma sun fi haka. Wato gungume mai kilo 10 yana ɗauke da ruwa wajen lita 5. Kafin ya ci wuta yadda ya kamata, sai danshinsa ya sauko zuwa kashi 20 cikin 100 ko ƙasa da haka, ke nan kusan lita 4 za su fita daga wannan gungume ɗaya. Ɓawo kuwa an halicce shi ne don ya tsare ruwa a jikin bishiya, kuma yana ci gaba da aikinsa ko bayan an sare ta. Gungumen da aka bari dunƙule ta bakinsa biyu kawai yake fitar da ruwa, yana iya shekara a ajiye cikinsa jiƙe sharkaf, wani ma ya fara ruɓewa. Da ka tsaga shi ka buɗe wa iska hanya.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to faskare ma galibi haka ne. Yawancin itatuwa masu tauri sun fi saurin tsagewa suna ɗanye. Itacen bishiyar turare, alal misali, in ya bushe dunƙule sai ya gagari gatari. Saboda haka ba na barin gungume ya daɗe a yashe. A yanka, a faskara, a jera, sannan a bar sauran aikin ga iska da rana.

Jerawar ma da ƙa'idarta. Ba a ɗora itace a kan ƙasa kai tsaye, sai an shimfiɗa sanduna ko duwatsu a ƙarƙashi don kada ya sha laima, kada kuma gara ta same shi a sauƙaƙe. Layi ɗaya siriri inda iska ke ratsawa ya fi tsibi guda da aka tula. A rufe saman kawai, a bar gefe a buɗe. Na ga mutane suna naɗe tarin itace da tamfol ruf har ƙasa, suna ganin sun kyauta masa, alhali sun kulle danshin a ciki ne, in an buɗe sai wari da fumfuna. Itace mara nauyi yana iya bushewa cikin wata shida zuwa shekara, mai nauyi kuwa yakan nemi shekara biyu. Ma'anar wannan ita ce itacen da kake faskarawa yau ba na sanyin bana ba ne, kuma wanda ya tashi neman itace ranar da sanyi ya sauko ya riga ya makara.

Gane busasshe ba wuya. Ya fi sauƙin ɗauka, bakinsa ya tsattsage, ɓawon yana saki da kansa. In ka gwara guda biyu za ka ji ƙara mai zaƙi, ɗanye kuwa sai dai ka ji "dim". Akwai 'yar na'urar auna danshi mai tsinke biyu, kuma tana da amfani, amma sai ka tsaga itacen ka soka ta a sabuwar fuskar. In ka auna ta waje za ta faɗa maka abin da kake son ji ne kawai. Wuta ita ce alƙali ta ƙarshe: ɗanye yana tsuwa, kumfa na fita ta bakinsa.

Dalilin wannan naci shi ne, zafin da ya kamata ya ɗumama ɗaki yana ƙarewa wajen tafasa ruwan da ke cikin itacen. Kilo ɗaya na busasshen itace yana ba da zafi kusan ninki biyu na kilo ɗaya na ɗanye. Ga kuma hayaƙi. Wutar da ba ta yi zafi sosai ba tana sakin hayaƙi mai kauri, shi kuma yana daskarewa a cikin bututun hayaƙi ya zama baƙin kwalta mai kamawa da wuta. Gobarar bututu daga nan take tashi. Abin ya kai a Ingila, tun watan Mayun 2021, doka ta hana sayar wa gidaje ɗanyen itace a ƙananan ɗauri. Sannan duk wutar da ke ci a rufaffen ɗaki tana iya tara iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci. Komai sanyi, a bar wa hayaƙi mafita, a bar wa iska mashiga. Katako mai fenti ko wanda aka jiƙa da maganin ƙwari kuwa ba na sa shi a wuta ko kyauta aka ba ni.

Injin zarto ya sauƙaƙa yanka, amma shi ne abin da na fi jin tsoro a duk aikin, kuma ina ganin tsoron nan daidai ne. In saman tsinin takobinsa, wato dogon ƙarfen da sarƙar yanka ke zagayawa a kansa, ya taɓa wani abu sarƙa na gudu, injin yakan yi tsalle ya dawo wajen fuska cikin ƙiftawar ido, kafin hannu ya yi wani abu. Don haka hannu biyu, babban yatsa ya zagaye mariƙi, jiki a ɗan kauce daga layin yanka, kuma ba a yanka sama da kafaɗa. Sarƙa mai kaifi tana zubar da ɓarɓashi manya-manya. Da ka ga ta koma fitar da gari mai laushi, ta dakushe, a tsaya a wasa ta da magagari. Taɓa ƙasa sau ɗaya ya isa ya kashe kaifinta. Itacen da ke kwance kuma yana da ɓangaren da ke matse da wanda ke miƙe. In kansa biyu ne a tokare tsakiya na lilo, yanka daga sama har ƙasa zai sa ya haɗe ya danne zarton. Sai a ɗan tsarga ta sama, a ƙarasa daga ƙasa.

Batun mataimaki, ra'ayina ya rabu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wajen kayar da bishiya ko aiki da injin zarto ba na yarda mutum ya kasance shi kaɗai. In ƙaddara ta afka, a samu mai kai ɗauki. Sai dai na kusa da kai shi ne wanda guntun itace ya fi samu. Mai kallo ya tsaya nesa da bishiyar da ake kayarwa, aƙalla ninki biyu na tsawonta. Wajen faskare kuma kowa da aikinsa: ɗaya na sara, ɗaya na kwasa yana jerawa, kuma ba ya miƙa hannu sai gatari ya sauka an ce masa ɗauki. Injin faskare mai matsa itace da ƙarfin mai ya fi muni a nan. Wanda ya ɗora gungumen shi ne zai ja sandar injin, ba wani ba, domin yatsu da yawa sun tafi ne a daidai lokacin da mutum biyu suka ɗauka sun fahimci juna. In ni kaɗai ne, nakan faɗa wa wani inda nake da lokacin da zan dawo, kuma da na ga sara ya fara kauce wa inda na nufa, na san gajiya ta zo, sai in jingine gatari.

Wurin da na fi ganin jini kuwa ba wajen manyan gungumai ba ne, wajen tsaga ƙirare ne na hura wuta. Itacen ƙarami, gatarin ƙarami, sai mutum ya saki jiki ya riƙe da hagu ya sara da dama. Ni da wani tsinken itace nake tokare shi, hannuna can nesa, ko in kwantar da shi a kan kututture, in ɗora bakin gatari a kansa, in ɗaga su tare in buga.