Dalilin da ya sa masu toshe A2A suke kasawa a cikin ƙarin ciwon daji

Ƙwayar halitta idan ta mutu ko oksijin ya yi mata ƙaranci, sai ta zubar da ATP, sinadarin da ke ɗauke da makamashinta, waje. Wasu furotin biyu da ke jikin ƙwayoyin halitta sai su sarrafa shi: CD39 ya mayar da shi AMP, CD73 ya ƙarasa ya fitar da sinadarin adenosin. A lafiyayyen nama ma'auninsa nanomola ne, amma a cikin ƙari yakan kai maikromola (maikromola 1 nanomola 1,000 ke nan). Da zarar ya hau makarɓin A2A, wato gurbin karɓar saƙo da ke jikin ƙwayoyin T masu yaƙar ƙari, sai sinadarin saƙo na cAMP ya tashi a cikinsu, sojan garkuwar jiki ya ajiye makami. Tun da Ohta da Sitkovsky suka nuna a 2006 cewa ɓerayen da ba su da A2A sun fi iya kawar da ƙari, kamfanoni suka yi ca a kan neman magungunan da za su toshe shi.

Da yawa daga magungunan farko don ƙwaƙwalwa aka ƙera su. A can dabarar ta yi aiki, domin istradefylline ya samu izini a Japan a 2013 da Amurka a 2019 don cutar Parkinson, miligiram 20 ko 40 a rana. Amma maganin da adenosin kokawa suke yi a kan gurbi ɗaya, kuma a cikin ƙari adenosin ya fi yawa nesa ba kusa ba. A ce Ki na magani (yawan da zai kama rabin gurabun idan babu adenosin) nanomola 1 ne, adenosin kuma ya ninka Kd ɗinsa (irin wannan ma'aunin na adenosin) sau 100: sai an sami kusan nanomola 100 na sakakken magani kafin a toshe rabi kawai. In albumin, furotin ɗin jini, ya riƙe kashi 99 cikin 100 na maganin, jimillar da ake bukata a jini ta kai maikromola 10. Nan lissafi yake rushewa. Ciforadenant, mai toshe A2A, shi kaɗai ya rage ƙari sosai a mutum 1 cikin 33 masu kansar ƙoda, tare da atezolizumab, maganin zaburar da garkuwar jiki, kuwa 4 cikin 35.

Shi ya sa lambar ƙarfin magani da aka samo a ruwan gwaji marar furotin ba abin dogaro ba ce. A gwada a cikakken jinin mutum, a zuba NECA, sinadarin da ke kwaikwayon adenosin amma ya fi shi daɗewa, a matakin maikromola, tunda adenosin na ainihi daƙiƙu kaɗan yake yi a jini, sannan a auna pCREB, alamar cewa A2A ya farka, a ƙwayoyin T nau'in CD8. A ɗebi jinin majinyaci dab da shan ƙwayar magani ta gaba, lokacin da maganin ya fi ƙasa.

Akwai kuma wani makarɓin adenosin, A2B, wanda ba ya farkawa sai adenosin ya yi yawa, wato daidai yanayin ƙari. Dalilin ƙera etrumadenant ke nan, mai toshe biyun.

Ƙara yawan magani ma yana da iyaka. An dakatar da gwajin tozadenant, mai toshe A2A da ake gwadawa a kan cutar Parkinson, a 2017 bayan fararen ƙwayoyin jinin wasu sun ƙare har aka rasa rayuka, rolofylline mai toshe A1 (shi ma makarɓin adenosin ne) kuwa ya jawo farfaɗiya a gwajin masu ciwon zuciya. Don haka tun a matakin farko ake auna yadda magani ke bambance A2A da A1, da yawan maganin da ke ratsawa cikin ƙwaƙwalwa.