Haɗa Gaban Land Cruiser 80 a Gida: Inda Aikin Ya Kai

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu koyon kanikanci a tsakar gida. Ga inda aka kwana a kan tsohuwar jif ɗin da ke kafe a Agege, Land Cruiser 80, irin wadda Toyota ta ƙera daga 1990 zuwa 1997. Wannan mai injin fetur ce, 1FZ-FE lita 4.5, kuma tayunta huɗu suna ja a kowane lokaci. An gama haɗa ɓangaren dama na akasul ɗin gaba, na hagu yana warware a kan buhu, farfela biyu kuma, wato sandunan da ke kai juyi daga giya zuwa akasul na gaba da na baya, suna jingine da bango suna jiran layinsu.

Abin da ya sa aka buɗe ta, duk mai irin wannan mota ya san shi. Ka leƙa bayan tayar gaba ka ga ƙwallon ƙarfen da nokul, wato gidan ƙarfen da ke ɗauke da taya yana karkata ta idan an juya sitiyari, ke juyawa a kansa ya jiƙe sharkaf, wani abu baƙi mai yauƙi kamar miyar kuka yana ɗiga a cikin rim. Mutane da yawa sai su canza sil ɗin waje mai ƙyalle da roba, su ce an gama. Ba nan matsalar take ba. Aikin sil ɗin waje tare ƙura da share ƙwallon. Wanda ya mutu yana can ciki, a bakin bututun akasul, shi ne ke raba man giya na difa, wato giyar da ke raba juyi tsakanin tayu biyu, da giris ɗin nokul. Da zarar ya saki, mai ya kwararo ya narkar da giris, joyin ɗin Birfield (mahaɗin da ke bakin shaf, mai juya taya ko an karya sitiyari) da boris na sama da ƙasa na nokul su koma aiki cikin ruwa-ruwa, difa kuma ta rasa manta. Ɗan ƙaramin sil ne, amma sai an kwance komai kafin hannu ya kai gare shi, shi ya sa ya kamata a canza duk abin da ke kan hanya a tafiya ɗaya.

Kafin a taɓa sifana, maganar tsayar da mota. Jak na ɗagawa ne kawai. A sa ƙafafun ƙarfe a ƙarƙashin akasul, da katako mai kauri a ƙarƙashinsu idan filin yashi ne ko intalokin da ya lotsa. Kada a yi amfani da bulon siminti ko kaɗan, domin motar ta haura tan biyu, kuma bulo ba ya gargaɗi kafin ya ruguje. A tokare tayun baya gaba da baya.

Kwancewa ba ta da wuya idan an bi tsari. Taya, sannan kalifan birki, a ɗaure shi da waya a jikin sifirin don kada ya rataya a kan tiyonsa. A cire murfin tsakiyar hob da sakilif, wato ɗan zoben ƙarfe mai kulle, da ke kan shaf. Filanjin da ke juya hob yana da noti 6, kuma ƙarƙashin kowanne akwai wata washa mai tsini da ke cije stod. Nan ne masu koyo ke ɓata kaya, suna cusa sukudireba tsakanin filanji da hob har su ƙwarzane fuskar da gasket zai zauna. A sassauta noti ya zo daidai da kan stod, a ɗora guntun tagulla a kai, a buga da guduma, washar za ta yi tsalle da kanta. Bayan filanji akwai manyan noti biyu da ke son soket mai lamba 54. A saye shi, ba tsada ba ne a kasuwar kayan mota ta Ladipo. Duk notin da ka ga an sassare gefensa da kurfi, to wanda ya gyara motar a baya bai da soket ɗin, kuma bai auna ɗaurin boris ba.

Hob da faifan birki su fito tare, sai sifindil, wato bututun da hob ke juyawa a kansa, sannan a zaro shaf da Birfield. Kan Birfield yana da gefe biyu da aka shafe. Sai sun kalli sama da ƙasa yake fita. Shaf na hagu ya fi na dama tsawo nesa ba kusa ba, saboda difa ta karkata dama, don haka a bar fili. A cire tayarod, a kwance murfin saman nokul mai bol 2 da hannun sitiyari na ƙasa mai noti 4. A ƙarƙashin murfin sama akwai siraran farantai da ake kira shim. A ɗaure su da waya, a sa a leda, a rubuta dama ko hagu. Idan suka cakuɗe, an ƙara wa kai aiki.

Wanki shi ne rabin aikin. Kananzir ko dizal, buroshi, da tsumma mai yawa. Fetur yana wankewa da sauri, amma a gidan haya na Legas inda janareta ke ruri a kowane lungu kuma ana girki a waje, bai dace ba. Bayan wanki a duba zoben da boris ɗin nokul ke birgima a kansa. Wannan boris ba ya zagayawa kamar na taya, kai-komo kawai yake yi a wuri ɗaya, don haka yakan haƙa ramuka a jere a jikin zoben. Idan ka ja farce ka ji tudu da kwari, ya gama. A ɓangaren dama, na sama da na ƙasa duk sun yi haka, an fitar da su da tagulla an sa sababbi na kamfanin Koyo. A lura da kwali da rubutun jikin boris, domin jabu ya yi yawa. Boris na gaske rubutunsa a tsabtace yake, kuma ba ya ƙara idan aka juya shi a hannu.

Birfield kuma, ƙwallaye 6 ne a cikin keji. Idan mota na ƙas-ƙas yayin da aka karya sitiyari ana tafiya, hanyoyin ƙwallayen sun ci. Domin raba shi da shaf, a zura shaf cikin bututun ƙarfe da ya fi shi tsawo, a cusa tsumma a ƙasa, a ɗaga a buga a kan katako. Sakilif na ciki zai karye, shaf ya faɗa kan tsumman, don haka a tanadi sabo tun farko. Idan cin bai yi zurfi ba, ana musanya na dama da na hagu domin ƙwallayen su hau gefen da bai gaji ba. Dabara ce ta ƙara masa kwana, ba ta maye gurbin sabo idan keji ya tsage.

Yanzu ga sil ɗin da ya jawo duk wannan. A fitar da tsohon ba tare da ƙwarzanar mazauninsa ba. Sabon a shafa wa leɓensa giris, a kora shi a miƙe da abin da ya yi daidai da faɗinsa, a hankali, ana duba kowane gefe. Idan ya shiga a karkace zai zubar tun ranar farko. A duba jikin shaf inda leɓen ke gogawa. Idan tsohon ya haƙa zobe a wurin, kada sabon ya zauna daidai kan wannan layi. A nan ra'ayina ba ya canzawa: a sayi sil na asali ko da ya ninka kuɗi, domin arhar da aka yi a kansa ana biyanta da sake kwance komai.

Akwai abin da ke kashe sabon sil da wuri, kuma a Legas ya fi ko'ina. A saman akasul akwai ɗan bututun numfashi. Idan laka ta toshe shi, mai ya yi zafi, iskar ciki ta rasa mafita sai ta tura mai ta sil. Idan kuma aka afka cikin ambaliyar Yuni da Yuli da akasul mai zafi, ya huce nan take ya zuƙo ruwa. Man da ya fito fari-fari kamar an dama shi, ruwa ne ya shiga. A cire bututun, a wanke, a hura a tabbatar iska na wucewa, a ƙara masa tiyo ya hau can sama cikin ɗakin inji.

Wajen mayarwa, a fara rataya sil ɗin waje a kan ƙwallon kafin nokul ya hau, in ba haka ba sai an sake cirewa. A cusa giris a boris ɗin nokul, a mayar da shim yadda aka same su, a ɗaure murfin sama da notin ƙasa zuwa 96 Nm (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne). Waɗannan noti 4 na ƙasa su ne ke riƙe sitiyari, kuma an san su da sassautawa a wannan mota har stod ya karye, don haka sifanar auna ɗauri dole ce. Kafin a sa shaf, kafin a ɗaure sil ɗin waje ko tayarod, a auna taurin juyawar nokul. Sikelin rataye irin na masu kifi ya isa: a maƙala shi a ramin tayarod a ja, ya nuna tsakanin kilo 2.5 da 4.5. Idan ya gaza, a rage shim. Idan ya haura, a ƙara. Nokul mai sako-sako shi ke kawo girgizar sitiyari bayan an faɗa rami, mai tauri kuma yana cinye sabon boris.

Giris iri biyu ne, kuma kada a haɗa su. Baƙin nan mai moli na Birfield ne da cikin nokul, a cika kusan kashi uku cikin huɗu, a bar wa iska wuri. Boris na taya kuwa giris ɗinsa na litiyam ne mai jure zafi. Shigar da shaf yana son haƙuri, musamman dogon: a tallafe shi kada nauyinsa ya kwanta kan sabon sil, a danna Birfield ƙasa kaɗan domin bakin shaf ya ɗago, ana juyawa har haƙoransa su faɗa cikin difa. Ba a bugunsa. Bol ɗin sifindil 47 Nm, da sabon gasket.

Ɗaurin boris na taya ga yadda yake. Notin ciki zuwa 59 Nm, a juya hob gaba da baya domin boris ya zauna, a sassauta har hannu ya iya juya notin, sannan a ɗaure zuwa 5.4 Nm kawai. A sa sikeli a stod ɗin taya a ja, a nemi tsakanin kilo 2.9 da 5.7. Sai washar kulle, sai notin waje zuwa 64 Nm, a sake aunawa domin notin waje yana ƙara tauri, a lanƙwasa harsunan washar, ɗaya ciki ɗaya waje. Notin filanji 35 Nm, stod ɗinsu na saurin karyewa idan aka matsa. Idan shaf ya ƙi leƙowa a sa sakilif, akwai rami mai zare a bakinsa. A ɗaura bol mai milimita 8 a jawo shi. Kalifa 123 Nm.

Farfela ba ta da dogon bayani. Tun kafin cirewa an yi wa kowane filanji alama da fenti, haka ma inda shaf ke zamewa cikin ɗan'uwansa. A mayar kan alamar, ba kan zato ba, domin kuskuren haƙori ɗaya yana kawo girgiza a kan babbar hanya. A riƙe kuros, wato mahaɗin mai ƙafa huɗu da ke bakin farfela, a murɗa. Idan akwai wasa ko jar tsatsa na fitowa daga murfinsa, a canza. A bai wa kuros giris har sabo ya leƙo ta kusurwa huɗu, amma wurin zamewar kaɗan ya isa, cika shi yana tura giyar taimako, wadda ke raba juyi zuwa gaba da baya. Kuma kada a fita da motar nan da farfela ɗaya ba tare da kulle difa ta tsakiya ba.

Abin da ya rage bayan an haɗa hagu shi ne mai. A fara kwance murfin zubawa kafin na tsiyayewa, don kada a zubar da mai a tarar na sama ya cije. Man giya GL-5 mai lamba 80W-90, gaba tana shan ƙasa da lita 3 kaɗan, baya ta haura 3 kaɗan, a zuba har ya kai bakin rami, mota a daidaitaccen wuri. A duba maganaɗisun murfin ƙasa: laushin garin ƙarfe ba komai, ɓarɓashi masu kaifi kuwa suna nufin sai an buɗe difa. Tsohon mai a tara a jarka, kada ya shiga kwata. Kafin a motsa mota a taka birki har ya yi tauri, kuma bayan tafiyar farko a taɓa hob a ji zafinsa, a ɗaga taya a girgiza sama da ƙasa, a sake bin notin nan 4 na ƙasan nokul da sifana.