Kafin ka raba da 22.4, nemi zafin da aka auna

Ƙannena masu karatun injiniya a Gaundare da masu neman aiki a wuraren mai na Chadi, akwai lambar da muka haddace tun muna lise, kuma ita ta fara kunyata ni a bakin aiki: 22.4. Na riƙe lambar, na watsar da sharaɗinta. Kilomol ɗaya na gas (kilomol ma'aunin yawan ƙwayoyin gas ne) yana cika kubik mita 22.414 ne kawai idan zafi digiri 0 ne na Salsiyas, matsi kuma kilopaskal 101.325. Kubik mitar da aka auna a wannan sharaɗin ita ce Nm³ da kuke gani a takardun Faransa da Jamus.

Ina sabon shiga aka miƙo mini takardar wani inji mai shan gas 1,000 Sm³ a awa (Sm³ kubik mita ce a zafi da matsi na mizani, S na nufin "standard"), aka ce in mayar da shi kilomol. Ko ɗaga kai ban yi ba, na raba da 22.4, na rubuta 44.6. Shef ɗinmu, dattijo mara yawan magana, ya ɗauki jan biro ya zagaye harafin S, ya ce, "Ɗana, wannan S ɗin a zafin wa aka auna shi?" Sai a ƙasan shafin, da ƙananan haruffa, na ga digiri 15. A wannan zafin kilomol yana cika 23.645, amsar kenan 42.3. Na ƙara kashi biyar da rabi cikin ɗari, kuma a cinikin gas wannan kuɗi ne masu kauri.

Abin kamar mudu ne: sunan ɗaya, amma na wata kasuwa ya fi na wata ciki. A yankinmu kuwa mudun kowa ya iso. Bututun mai daga Doba zuwa Kiribi, wanda ya fara aiki a 2003, ya zo da lissafin Amurka: kubik ƙafa a digiri 60 na Faranhait, inda mol ɗaya na laba, wato mol ɗin da ake lissafawa da laba maimakon kilo, yake cika kubik ƙafa 379.5. Kubik ƙafa miliyan ɗaya a rana, wato MMSCFD ɗaya, kusan kilomol 49.8 ne a awa. Matatar Jarmaya da ke arewa da Injamena, wadda aka buɗe a 2011, da haɗin gwiwar Sin aka gina ta, kuma mizanin gas na Sin digiri 20 ne, inda kilomol yake cika 24.055. Hatta masana kimiyyar sinadarai sun sauya matsin mizaninsu zuwa kilopaskal 100 a 1982, lambar ta koma 22.711.

Kada ku wahalar da kanku da haddace su duka. Ku ɗauki 8.314, wato tsayayyar lambar gas, ku ninka da zafi a kelbin (digirin Salsiyas da ƙarin 273.15), ku raba da matsi a kilopaskal, lambar za ta fito da kanta. Duk canjin da za ku yi, ku bi ta kilomol tukuna, domin shi zafin Afrilu na Marwa bai kumbura shi.

Matsin da agogon bututu yake nunawa ma ya taɓa kayar da ni. Allurar tana farawa ne daga matsin iskar da ke kewaye da ita, dole a haɗa shi kafin a yi lissafi. A Garwa matsin iskar ya kusa kilopaskal 100, amma a kan tudun Gaundare, mai tsayin mita 1,100 da 'yan kai, bai fi 89 ba. Idan takarda ta zo muku da Sm³ babu zafi babu matsi a jiki, ku mayar wa mai ita ya rubuta ya sa hannu kafin ku taɓa kalkuleta.