Daga Minesota: 'yar'uwar tumfafiya a bayan gidana

Assalamu alaikum mutanen Katsina, na cikin birni da na waje. Gaisuwa a taƙaice, don tun ranar da na sa hoton bayan gidana a Facebook tambaya ɗaya ake ta jefo mini: wai tumfafiya na zo Amurka ina shukawa? Har Yaya Babba ya kira daga Ƙofar Guga don ya ji da kunnensa. Zan amsa wannan, in kuma taɓa zancen abinci da wasunku suka tambaya.

Ba tumfafiya ba ce, amma danginta ce, masana tsirrai gida ɗaya suka sa su. A nan sunanta milkwid, wato ciyawa mai nono, kuma 'yar asalin ƙasar ce. Ganyenta faffaɗa ne, biyu-biyu suna kallon juna, bayansu da gashi mai laushi, ana tsinka ɗaya farin nono zai tsatso. Daga Yuni zuwa Agusta take fure, dunƙule-dunƙule ruwan hoda, da ƙamshin da ke cika tsakar gida da yamma. Akwai wata mai kama da ita, ita ma da nono, sai dai karanta ja ne siriri mai rassa, kwansonta kamar na wake. Tawa kara ɗaya ce mai kauri, kwanson a kumbure, cike da farar auduga irin wadda muke hurawa muna yara.

Abin da har yau yake ɗaure mini kai shi ne irinta sai sanyi ya ratsa shi yake tsirowa sosai. Ba hunturun da muke jin ɗumi a bakin murhu nake nufi ba. A Janairu ma'auni kan sauka digiri 20 ƙasa da sifiri, ƙasa ta daskare kamar daɓen siminti, numfashi ya zama raɓa a kan mayafi, yatsu su daina jin maɓallin ƙofa. Rana na sama tana haske, amma ba ta da ɗumi ko kaɗan. Wata huɗu ban ga ƙasar lambun ba, dusar ƙanƙara ta rufe ta. Wannan azabar ce ke tada irin daga barci. Da yake ban shuka da kaka ba, sai na naɗe shi a ƙyalle mai laima, na sa a leda, ya kwana 30 a firiji. Shekarar farko ganye kawai ta yi, sanyi na shigowa ta bushe ƙurmus. Na riga na haƙura, sai ga ta ƙarshen Mayu ta toho daga saiwa, bayan kowace shuka ta fito.

Mutanen nan na lallaɓa ta ne saboda wani malam-buɗe-littafi mai ruwan lemo da baƙi, wanda jihar Minesota ta ɗauka a matsayin nata a 2000. A kan irin wannan ciyawa kaɗai yake ƙwai, tsutsarsa ba ta cin wani ganye, da kaka kuma ya tashi kusan kilomita 3,000 zuwa duwatsun Meksiko.

Mu ma muna da ɗan'uwansa, tsutsarsa ganyen tumfafiya take ci. Ga tumfafiyar nan birjik a hanyar Jibiya ba mai ba ta ruwa, Fulani na daskarar da madara da ita su yi cuku, mu kuwa adda muke sa mata. In ta fito a gefen gona ko bayan katanga, a bar ko guda ɗaya. A dai ja wa yara kunne, nononta na illata ido.

Abinci kuwa, naman halal akwai a shagunan Somaliyawa, daddawa ce ke wuya. Yaya, in an yi ruwa a ɗaga ganyen tumfafiyar bakin gonarmu a duba bayansa, in an ga tsutsa mai zane fari da baƙi da rawaya, a turo mini hoto.