Yadda ake haɗa kundin punk don karrama dangi da abokai

Waƙar punk, salon kiɗan gita da ganguna mai sauri da hargowa, ba ta da fili. Idan mai ganguna yana tafiya da bugu 180 a minti ɗaya, wanda ba wani gudu ba ne a wannan salon, awo guda mai bugu huɗu daƙiƙa ɗaya da sulusi kawai yake ci. Waƙar minti biyu awo 90 ce ke nan daga farko har ƙarshe. A cire shimfiɗa, a cire inda gita ke kuka ita kaɗai, a cire amshin da za a maimaita sau uku, abin da zai rage wa baitoci bai wuce awo 32 zuwa 40 ba. Mawaƙi kuma idan ya cusa fiye da gaɓa takwas a awo guda, ba mai jin abin da ya ce. Kalma ɗari da 'yan kai ke gare ka, kuma da su kake son ka faɗi wace ce mahaifiyarka, ko wane ne abokin da kuka yi shekaru kuna kwana a motar yawon wasa ɗaya. Shi ya sa waƙa guda ba ta ɗaukar wannan kaya. Kundi ake yi, mai jigo ɗaya, kowace waƙa ta ɗauki gefe guda na mutumin.

Abin da za a fara yankewa, tun kafin a taɓa tsirkiya, shi ne ko mutumin zai fito da ainihin kamanninsa ko za a sa masa wata riga. Touché Amoré, ƙungiyar Los Angeles, sun bi hanya ta farko a kundinsu Stage Four na 2016. Mawaƙinsu Jeremy Bolm ya rasa mahaifiyarsa a 2014 sanadiyyar ciwon daji, kuma bai ɓoye komai ba, har saƙon muryar da ta bar masa a waya ya sa a ƙarshen kundin. 'Yan ƙungiyar Lagwagon ma haka suka yi da kundinsu Resolve a 2005, watanni kaɗan bayan mutuwar tsohon mai gangunansu, Derrick Plourde. Dropkick Murphys kuwa, 'yan yankin Boston, sai suka ƙirƙiri mutum. A kundin Going Out in Style na 2011 sun tattaro labaran iyayensu da kakanninsu masu asali daga Ayilan, suka zuba su a jikin wani tsoho da bai taɓa rayuwa ba, Cornelius Larkin, har marubuci Michael Patrick MacDonald ya rubuta masa ta'aziyya a takardar cikin faifan.

A ganina, idan mutum ɗaya ake makoki, a bar shi da sunansa, domin ɓoye shi yana sanyaya waƙar. Idan kuwa labarin na mutane da yawa ne, ko akwai abin da zai taɓa mutuncin wanda yake raye, kamar shaye-shaye ko bashi ko rabuwar aure, ƙirƙirarren mutum ya fi. Yana ba ka damar haɗa aikin kakan mai gita da barkwancin kawun mai ganguna a jiki ɗaya, ba tare da wata gwaggo ta kira waya tana cewa ba haka aka yi ba.

Daga nan sai tara kaya, kuma a nan ne yawancin irin waɗannan kundaye suke mutuwa. Mai baƙin ciki idan ya zauna rubutu, siffofi ne suke fara zuwa masa: mai kirki, mai haƙuri, ba za a manta da shi ba. Duk gaskiya ne, amma kowa ma haka ake faɗa a kansa, kuma a gudun bugu 180 waɗannan kalmomi iska ce kawai. A zauna da mutum biyar ko shida da suka san shi, kowa shi kaɗai, a kunna rikoda, a yi tambayar da amsarta abu ne da ido ke gani. Me ke cikin aljihunsa kullum? Wace tasha yake kamawa a mota? Me yake cewa idan ya fusata? Ɗangon da ya ce jakar aikinsa har yanzu tana rataye a bayan ƙofa da rasit ɗin mai a ciki ya fi baiti guda na yabo aiki, kuma gaɓoɓinsa sun fi kaɗan. A nemi har da abin da yake ba mutane haushi game da shi. Kundin da babu aibin mamaci ko ɗaya a ciki, waɗanda suka san shi su ne na farko da za su ji ba shi ba ne.

Kowane abin da aka samo a rubuta shi a kati guda, a jera katunan a bango. Waƙa ɗaya, lamari ɗaya: daren da motar ta mutu a hanya, ranar da likita ya yi bayani, rabon kayan ɗaki bayan jana'iza. Waƙa 12 zuwa 14 sun isa, minti 30 zuwa 35. Duk katin da bai samu waƙa ba, wurinsa takardar cikin faifai.

Jeri yana da nasa lissafin, musamman idan za a buga faifan garmaho, wanda har yanzu masu sauraron punk suke saya a wurin wasa. Faifai mai inci 12 da ke juyawa sau 33 da sulusi a minti yana iya ɗaukar kusan minti 22 a kowace fuska, amma wannan na kiɗa mai laushi ne. Kiɗa mai ƙara da nauyin bes yana buƙatar layi mai faɗi, don haka idan fuska ta haura minti 18, mai yanka faifan dole ya rage ƙarar. Sannan allura tana ratsa gajeriyar tazara a kowane zagaye idan ta kusanci tsakiya, sai sauti mai kaifi, irin na farantan ƙarfen mai ganguna da harafin "s", ya fara gurɓata. Wannan matsalar tana yi wa kundin karramawa daɗi: waƙa mai sanyi, ta gita ɗaya da murya, a ajiye ta a ƙarshen fuska, masu hargowa su zo a farko. Kuma juya faifan hutu ne na dole, don haka abin da ya raba labarin biyu, labarin ciwon ko na mutuwar, ya dace ya rufe fuska ta farko.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a bi tarihi daki-daki, haihuwa a waƙa ta ɗaya, mutuwa a ta ƙarshe. Mai sauraro ya san inda za a je, sai ya yi ta jira. Ya fi kyau a faɗi mutuwar da wuri, sauran kundin ya koma kan abin da aka rasa da yadda masu rai suke fama. Ɗaya kuskuren shi ne baƙin ciki iri ɗaya sau goma sha biyu. Punk yana da fushi, yana da raha, yana da waƙar da ɗaki duka zai ɗauka da ihu. A ba kowanne waƙa biyu ko uku. A kuma duba riƙon gita: hannu yana komawa kan riƙon da ake kira E da A da kansa, kafin a ankara waƙa takwas sun zama abu ɗaya. A rubuta riƙon farko da gudun kowace waƙa a katinta, kada a bar biyu masu kama su yi maƙwabtaka. Abin da zai ɗinke kundin kuma ɗan ƙaramin zare ne, salon gita na awo biyu ko ɗango guda da zai dawo sau uku, kowane zuwa da wata ma'ana. Fiye da uku ya zama naci.

A situdiyo, saurin aiki ba aibi ba ne. 'Yan ƙungiyar Hüsker Dü sun ɗauki Zen Arcade, faifai biyu mai labari ɗaya da ya fito a 1984, suka haɗa sautinsa cikin kusan awa 85, kuma kusan duk waƙoƙin ɗaukar farko ce. A kundin makoki wannan yana da dalili na musamman. Mawaƙi yana iya rera baitin da ya fi ci masa rai da gaske sau biyu ko uku, daga nan sai ya koma kwaikwayon kansa. Saboda haka a daidaita makirfo da ƙarar abin kunne da wata waƙa mai sauƙi, a danna rikodin tun daga gwajin farko, kada a goge komai. Makirfo irin Shure SM7B yana jure ihu daga kusa. Zaman murya kada ya wuce awa biyu a rana, masu ihu a bar su ƙarshen zama, don muryar da ta dushe ba ta iya rera mai laushi. Inda murya ta karye a kan kalma, a saurara da kyau kafin a gyara da kwamfuta, sau da yawa wurin ne ya fi ko'ina kyau.

Amshin taro hanya ce ta sa dangi da abokai cikin kundin da bakinsu. Mutum huɗu zuwa shida, makirfo ɗaya, su tsaya taku biyu daga gare shi, a ɗauka sau huɗu suna sauya wurin tsayuwa, a raba biyu hagu biyu dama. Mai babbar murya a tura shi baya. Ba sai sun iya waƙa ba, amma dole su gama kalmar ƙarshe tare, in ba haka ba "s" guda za ta zama shida.

Tsohuwar muryar mamaci ita ce abu mafi wuyar sarrafawa. Saƙon waya yana zaune ne tsakanin hatiz 300 da 3,400 a ma'aunin kaifin sauti, daidai inda gita mai ƙara take da ƙarfi, don haka idan aka ɗora shi a kan cikakken kiɗa, ɓacewa yake yi, ƙara masa ƙarfi kuma tsiwa kawai yake ƙara masa. A janye gitoci, a bar bes ko bugu mara nauyi a ƙarƙashinsa. Kafin komai a kwafe saƙon zuwa fayil na WAV, wanda ba ya rage ingancin sauti, a ajiye a wuri biyu, domin kamfanonin waya suna goge tsofaffin saƙonni. Idan kaset ne, a juye shi sau ɗaya a bit 24, a yi aiki da kwafin. Kada a matsa wa manhajar cire shuu, tana mayar da murya kamar ta mai magana a cikin ruwa. Daƙiƙa 15 zuwa 20 sun wadatar, sau ɗaya a kundin. A manne shi a jikin waƙa maimakon a ba shi lamba tasa, don dandalin sauraron waƙoƙi na Spotify ba ya ƙirga sauraron da bai kai daƙiƙa 30 ba, kuma mai sauraron da ya sa a gauraya masa waƙoƙi zai ci karo da muryar babu abin da ya gabace ta.

Hoton bango yana buƙatar ɗigo 300 a kowane inci, bangon faifai kuma ya ɗan haura inci 12, wato kusan fiksel 3,700 kowane gefe. Ƙaramin hoton iyali mai inci huɗu sai an yi masa sikanin a ɗigo 1,200. Haƙƙin hoton na wanda ya ɗauka ne, ko da a akwatin gidanku aka same shi.

Iyali su ji kundin, da rubutattun baitoci a hannunsu, kafin a kai shi mastarin, wato gyaran sauti na ƙarshe. Bayan an yanka faifan asali, canza ɗango ɗaya yana nufin sake yanka fuskar duka da sake biya, kuma kamfanin bugawa zai mayar da ku bayan layi. A samu amincewarsu a rubuce kan murya da hoto da ambaton ciwo. Idan za a sake rera waƙar da marigayin yake so, a Amurka akwai kuɗin lasisi da doka ta ƙayyade: santi 9.1 ne a kowane kwafi daga 2006, ya koma santi 12 a 2023 ga waƙar da ba ta wuce minti biyar ba, yana kuma ɗan hawa duk shekara. Kwafi 500 dala 60 da 'yan kai ke nan. Tsohuwar waƙar da wa'adin haƙƙinta ya ƙare ba ta buƙatar wannan, irin ta 1913 da Dropkick Murphys suka rera tare da mawaƙi Bruce Springsteen a nasu kundin.

Idan an yi niyyar kuɗin ya tafi ga iyalin, akwai abin koyi. Bayan mutuwar Tony Sly, mawaƙin ƙungiyar No Use for a Name, a 2012, kamfanin Fat Wreck Chords ya fitar da kundin da abokansa suka sake rera waƙoƙinsa a 2013, aka ware kuɗin ga asusun tallafa wa matarsa da 'ya'yansa. Kafin a rubuta irin wannan alkawari a bango, a zauna a fayyace ko duk cinikin ake nufi ko ribar da ta rage bayan an biya situdiyo da bugawa, wa zai riƙe asusun, kuma sau nawa a shekara za a nuna wa iyalin lissafi. Ƙaramin bugu na kwafi 300 sau da yawa kuɗinsa kawai yake mayarwa, don haka ya fi aminci a ce dala kaza daga kowane faifai, a rubuta adadin.